Aiki da Manhajar Makaranta Daga Nesa: A San Inda Ciwo Yake Kafin A Nemi Magani



Duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san wahalar makon ƙarshe na zango. Makin ɗalibai yana hannunka, amma manhajar da ke haɗa sakamako tana cikin kwamfuta ɗaya tak a ofis, malamai kuma sun yi layi kowa na jiran a tashi ya zauna. Wannan ne ya sa aka fara ba malami damar shiga waccan kwamfuta daga gidansa. A kan wannan hanya nake son in yi magana, domin idan ta sami tangarɗa, sakamakon yaro ne ke lalacewa, malami kuma shi ake tuhuma.

Abu ɗaya nake roƙon mu riƙe. Idan ka shiga daga nesa ta hanyar Remote Desktop, manhajar tana aiki ne a kwamfutar ofis. Taka kwamfutar hoton allo kawai take karɓa, sannan ta aika da abin da ka latsa. Akwai ma tsarin RemoteApp, wanda Microsoft ya shigo da shi a Windows Server 2008, da ke nuna tagar manhajar ita kaɗai, har ka zaci a cikin na'urarka take. Saboda haka, idan matsala ta taso, tambayar farko ita ce: a wurina take, ko a hanya, ko a can ofis?

Mu fara da ofis, inda galibin ciwon yake. Ka rubuta Ɗahiru, sai ka ga alamar tambaya ko ɗan akwati a gurbin harafin farko. Sauya komai a kwamfutarka ba zai yi amfani ba. A can ofis ne za a sanya madannan Hausa da salon rubutun da ke ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ. Idan kuma manhajar tsohuwa ce da ba ta san tsarin Unicode ba, dole a sabunta ta, domin sunan yaro ba abin wasa ba ne. Haka nan kwanan wata: kwamfutar da aka bari a tsarin Amurka tana fara da wata ne kafin rana, sai 3 ga Afrilu ta koma 4 ga Maris a ranar haihuwar ɗalibi. Tsohuwar manhajar da ta ƙi buɗewa a sabon Windows kuwa, a gwada ta a yanayin daidaitawa da ke cikin saitinta, wanda ke sa ta yi aiki kamar tana kan tsohon tsarin da ta saba.

Sai hanya. Idan sabis ya yi rauni allo ya daskare, kada ka yi ta latsawa. A rage ingancin launi, a cire hoton bango, sai data ta ragu, aiki ya yi sauri. Idan layin ya yanke gaba ɗaya, yawanci aikinka yana nan a buɗe a can, da ka koma za ka tarar da shi, muddin wuta ba ta ɗauke a ofis ba. Duk da haka, a riƙa adana aiki bayan kowane ɗalibai kaɗan.

Na wurinka kuma bai taka kara ya karya ba. Firintar gida ba za ta bayyana ba sai ka ba ta izini a saitin haɗi kafin ka shiga.

Ga shugabanninmu ina da jan hankali uku. Na farko, Windows Home ba ya karɓar mai shigowa ta wannan hanya, Windows Pro kuma mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Idan ana son malamai goma su yi aiki tare, sai Windows Server da lasisinsa. Na biyu, Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025. Na uku, kada a bar ƙofar shiga, mai lamba 3389, a buɗe ga duniya. A bi ta VPN, kowane malami kuma a ba shi sunansa da kalmar sirrinsa. Idan duka muna shiga da suna ɗaya aka sauya makin wani yaro, wa za a kama, wa kuma za a wanke?

Saboda haka ina ba da shawara reshenmu ya nemi a gwada wannan tsari makonni biyu kafin jarrabawa, a kuma ware mutum ɗaya a kowace makaranta da za a riƙa kai wa ƙorafi. Rigakafi ya fi magani, bayanan 'ya'yan mutane kuma amana ce a wuyanmu.

Allah ya ba mu ikon riƙe ta.