Dick Tiger: Zakaran Duniya da Muke Neman Mantawa



An nemi in yi magana a kan wani gwarzon wasa da ya riga mu gidan gaskiya. Na zaɓi Richard Ihetu, wanda duniya ta sani da Dick Tiger, ɗan Najeriyar da ya riƙe kambun damben zamani na duniya a ajin matsakaita nauyi har sau biyu, sannan ya haura aji na sama ya karɓe na can. Abin da nake so mu tafi da shi yau ɗaya ne: girman mutumin nan yana cikin yadda yake tashi bayan an kayar da shi, kuma irin wannan tarihin bai kamata yaƙi ya binne mana shi ba.

An haife shi a 1929 a Amaigbo, cikin jihar Imo ta yanzu. Ya tashi cikin rashi, ya yi tallan kwalaben da aka gama amfani da su a kasuwar Aba, kuma a can ya fara ɗaura safar dambe. A 1955 ya tsallaka zuwa Liverpool ta Ingila, garin da Hogan Bassey ɗan Kalaba yake zaune, wanda ya zama zakaran duniya a ajin marasa nauyi a 1957. Ingila ba ta karɓi Tiger hannu bibbiyu ba. Wasanninsa huɗu na farko duk an ba abokan karawarsa nasara da maki. Ga sanyi, ga aikin masana'anta da rana, ga atisaye da dare. Wani da tuni ya tattara komatsansa ya koma gida. Shi kuwa ya zauna ya gyara salonsa, har a 1957 ya lallasa Terry Downes, matashin da Turawa ke ji da shi, a 1958 kuma ya buge Pat McAteer ya zama zakaran ƙasashe renon Ingila.

Ga waɗanda ba su saba da wannan wasa ba, ajin matsakaita nauyi iyakarsa laba 160 ne, wato kilo 72 da ɗoriya. Masana na ganinsa a matsayin ajin da ƙarfi da zafin nama suke haɗuwa a jiki ɗaya. Tiger gajere ne, kakkaura, ƙafafunsa kamar an dasa su. Ba ya yawan zagaye fili. Yakan matso abokin karawa har numfashinsu ya haɗu, ya kare fuska da damatsa, ya jira a kawo masa naushi, sannan ya mayar da martani da hagu a haƙarƙari ko a muƙamuƙi. Wanda duk ya ce zai tsaya su yi ba-ni-in-ba-ka, ya jawo wa kansa. Masu ba shi wahala su ne masu gudu suna tsikara daga nesa.

A 1959 ya koma Amurka. Ranar 23 ga Oktoba 1962, a San Francisco, ya doke Gene Fullmer a turmi 15 ya ɗauki kambun duniya, yana da shekara 33, shekarun da wasu ke shirin ajiye safa. Suka sake haɗuwa a Las Vegas aka tashi canjaras. Karo na uku shi ne wanda ya shafe mu kai tsaye: ranar 10 ga Agusta 1963, a filin wasa na Liberty da ke Ibadan, zamanin Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ƙasa mai kusan shekara uku da samun 'yancin kai ta kawo gasar kambun duniya cikin gidanta, kuma ɗanta ya yi wa Fullmer dukan da ya sa aka tsayar da wasa bayan turmi na bakwai. Fullmer bai ƙara shiga fili ba. A daren nan Bahaushe da Bayarabe da Ibo duk mutum ɗaya suke yi wa kirari.

Kafin shekarar ta ƙare Joey Giardello ya ƙwace kambun. Ya yi ta yi wa Tiger yawo da hankali kusan shekara biyu kafin ya yarda su sake gamuwa. Tiger ya yi haƙuri, ya ci gaba da share masu neman kambun, ciki har da Rubin Carter, wanda ya kai ƙasa sau uku a 1965. A Oktoban shekarar ya karɓo abinsa a Madison Square Garden. Emile Griffith ya sake raba shi da shi a 1966, aka ce ai tsufa ya zo. Sai ya haura ajin laba 175, inda kusan kowa ya fi shi tsawo da jiki, ya doke José Torres a Disambar 1966 yana da shekara 37. Mujallar The Ring ta zaɓe shi gwarzon shekara a 1962 da 1965.

Yanzu mun zo inda mutane kan yi shiru. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Tiger ya bi ɓangaren Biyafara. Ya karɓi muƙamin laftana, ya horar da sojoji motsa jiki, ya zuba kuɗin da yake samu a fili wajen tallafa wa mutanensa. A 1968 Bob Foster, dogo mai hannu kamar tabarya, ya shimfiɗe shi a turmi na huɗu, kambun ya tafi. A 1969 ya mayar wa Ingila lambar girma ta MBE da ta ba shi, don nuna fushinsa da goyon bayan da take bai wa gwamnatin tarayya. Yawancinmu a wannan zaure iyayenmu suna ɗaya ɓangaren ne, wasu ma sun rasa 'yan'uwa a fagen daga. Ba na neman kowa ya yarda da matsayinsa. Ina neman mu gane cewa mutum ne da ya ga mutanensa cikin yunwa da mutuwa, ya sayar da jin daɗinsa don su, alhali yana iya zamansa a New York ya toshe kunne.

Ya biya farashin. Dukiyar da ya tara ta salwanta, ya yi wasansa na ƙarshe a 1970, har ya kama aikin gadi a wani gidan tarihi a New York. Can aka gano yana da ciwon dajin hanta. Gwamnatin Janar Gowon, wadda ta ce babu wanda ya ci babu wanda aka ci, ta bar shi ya dawo gida. Ya rasu a Aba ranar 14 ga Disamba 1971, yana da shekara 42, bayan ya ci wasa 60. A 1991 aka sa sunansa a zauren tunawa da gwarazan dambe na duniya da ke Amurka.

Mu Hausawa mun san darajar ɗan dambe. Shago yana raye a bakunanmu saboda Ɗan Anace ya waƙe shi. Tiger yana buƙatar masu yi masa irin wannan hidima da alƙalami. Ɗalibanmu na tarihi su rubuta shi da Hausa. Gidajen rediyonmu su ba shi fili a shirye-shiryen wasanni. Masu horar da yara a filayen dambe su nuna musu faifan wasansa da Fullmer, su kuma gaya musu cewa an doke shi sau huɗu a jere kafin duniya ta san sunansa. Ƙasar da ke son 'ya'yanta su zauna tare dole ta iya girmama gwarzonta ko da sun taɓa saɓawa.

 Allah Ya ba mu zaman lafiya.