3 ga Fabrairu: Ranar da Kano Ba Ta Tunawa



Duk shekara idan 3 ga Fabrairu ta zagayo, masu shirye-shiryen tarihi sukan jero abubuwan da suka faru a rana irin ta. Za a ji cewa a 1966 kumbon Tarayyar Sobiyat mai suna Luna 9 ya sauka lafiya a duniyar wata. Za a ji cewa a 1969 aka kashe Eduardo Mondlane, jagoran gwagwarmayar 'yancin Mozambik, da bam ɗin da aka aika masa cikin ƙunshin saƙo a Darussalam. Duk gaskiya ne. Amma da wuya a ji wanda ya ambaci cewa a wannan rana ce, cikin 1903, Nasara suka ci Kano da yaƙi.

Labarin Magajin Keffi Ɗan Yamusa da kisan Kyaftin Moloney a 1902, da karramawar da aka yi wa Magajin da ya iso Kano, sananne ne. Hujjar yaƙar Kano ce Lugard, jagoran Nasara, yake nema, ya kuwa samu. A ƙarshen Janairu 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji sama da 700, kusan dukkansu baƙar fata, da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4. A Bebeji aka rufe musu ƙofa, sai da suka harba igwa suka wuce.

A nan ake yi wa Kanawa rashin adalci. Har gobe akwai malaman tarihi da ke koya wa ɗalibai cewa Kano ta faɗi a ɓagas saboda Sarki ya gudu. Sarki Alu ba ya gari tun kafin Morland ya motsa. Ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa da mafi yawan dawakin Kano don yi wa sabon Sarkin Musulmi Attahiru mubaya'a. Birni ya rage a hannun Sarkin Shanu da waɗanda aka bari tsaron gida. Duk da haka ba su buɗe ƙofa ba. Suka hau ganuwa suka jira. Igwa ta yi ta dukan ƙofar da Nasara suka fara tunkara, ta kasa ba su hanya, dole suka zagaya Ƙofar Kabuga suka fasa ta can. Da sojoji suka kwararo cikin gari, Sarkin Shanu ya tsaya a Gidan Rumfa da 'yan mutanen da suka rage masa, ya yi ta faɗa har aka kashe shi. Lugard da kansa, da ya zo ya ga ganuwar, ya rubuta cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba.

Yaƙin ma bai ƙare nan ba. A ƙarshen watan, rundunar da ke dawowa daga Sakkwato ta gamu da Nasara a Kwatarkwashi. Sarki Alu ya sulale, wannan ba a musu, aka kuma kama shi daga baya, ya rasu a Lokoja a 1926. Amma ɗan'uwansa Waziri Ahmadu ya ja mahaya suka yi ta kai sukuwa kan bakin bindiga har ya kwanta dama a fagen. Wanda ya kira wannan miƙa wuya, rahoton mai nasara kawai ya karanta.

Wasu kuma sukan ce don me za a tuna ranar shan kaye. Sakkwatawa ba su manta da kayen da suka sha a yaƙin Giginya da na Burmi ba, hakan bai rage su da komai ba.

Ranar kuma ba ta baƙin ciki kaɗai ba ce. A 3 ga Fabrairu 1960, shekara 57 cif bayan faɗuwar Kano, Firayim Ministan Birtaniya Harold Macmillan ya tsaya gaban majalisar Afirka ta Kudu ya amsa cewa guguwar neman 'yanci ta fi ƙarfin tarewa. Kafin shekarar ta fita ƙasashen Afirka 17 sun karɓi mulkin kai, har da Nijar da Nijeriya. A 3 ga Fabrairu 1976 kuma Janar Murtala Muhammad, Bakano, ya mayar da jihohin Nijeriya 19 daga 12, ya kuma sanar da matsar da babban birnin ƙasa daga Legas zuwa tsakiya, inda Abuja take yau. Kwana 10 bayan nan aka harbe shi.

Abin da ake nema wajen hukuma ba mai yawa ba ne, kuma an daɗe ana faɗa. A sa wannan rana cikin kalandar makarantun jihar, a riƙa kai yara Gidan Makama da Ƙofar Kabuga suna gani da idonsu. A kafa allo a ƙofar da sunan Sarkin Shanu da na Waziri Ahmadu, da Hausa da ajami. Sassan tarihi na jami'o'i su tattara abin da gidajen sarauta da zuriyar bayin sarki suka riƙe na labarin 1903 tun masu riƙon suna raye. A kuma hana haƙar ƙasa da gina shaguna a kan abin da ya saura na ganuwa, a hukunta duk wanda ya sa hannu a takardar rabon filin.