Hawainiya a Hannun Ɗan Adam: Dalilan Rauni da Ƙin Cin Abinci



Bahaushe ya san hawainiya da abu biyu, watau tafiya sannu da rikiɗa, har ya sa ta cikin karin maganarsa, ya ce hawainiyar wani ta kiyayi ramarsa. Amma bai ɗauke ta abin kiwo ba, wasu ma tsoronta suke ji, alhali kuwa ba ta da dafi ko kaɗan. A ƙasashen Turai da Amurka da Japan kuwa, mutane suna sayenta da tsada, su ajiye cikin ɗaki don sha'awa. Irin da aka fi kiwo su ne ta Yaman mai dogon tukku a ka, da ta Madagaska mai launi iri iri, da ta Kenya wadda namijinta ke da ƙaho uku. Akwai kuma irin ta Afirka ta Yamma, wadda aka daɗe ana kamawa a dazuzzukan Gana da Togo da Binin ana kai wa waɗancan kasuwanni. Cinikin yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda aka sanya wa hannu a 1973, ta fara aiki a 1975, Nijeriya kuma tana cikinta. Saboda haka ɗalibin likitancin dabbobi da ma'aikacin gandun daji da na kwastan, kowanensu yana iya wayar gari da hawainiya marar lafiya a hannunsa.

Abin da nake so in tabbatar a yau shi ne, rauni da ƙin cin abinci alamu ne, kuma galibi tushensu yana ga yadda aka ajiye dabbar. Wanda ya fara da ɗura mata abinci ya bar jaki yana dukan taiki.

Yadda Ake Gane Rashin Lafiya

Hawainiya abincin tsuntsaye ce da macizai, don haka ɗabi'arta ce ta ɓoye rauninta har sai ya fi ƙarfinta. In mai kiwo ya ga alama a fili, to, ciwon ya riga ya yi nisa. Lafiyayyar hawainiya tana zaune a saman reshe, riƙonta da ƙarfi, idanunta a cike suna juyawa ko'ina. Marar lafiya kuwa takan rufe ido da rana, ko ta sauko ƙasan keji ta kwanta, ko ta riƙa faɗowa daga reshe, idanunta su faɗa ciki. Launinta ma yana magana. Masana na Jami'ar Jeniba sun nuna a 2015 cewa rikiɗar tana faruwa ne ta wasu ƙananan ƙwayoyi cikin fata waɗanda ke matsuwa ko buɗewa, su sauya irin hasken da suke mayarwa. Sanyi da fushi da wahala duk suna taɓa wannan aiki, shi ya sa wadda ta yini a duhun launi take bukatar a duba ta.

Sai dai ba kowane ƙin ci ne ciwo ba. Wadda ke saɓa, ko wadda aka sauya wa wuri, ko macen da ta kusa yin ƙwai, tana iya kwana biyu ko uku ba ta ci ba, ƙarfinta kuma yana nan. Ƙin ci tare da rauni shi ne abin tsoro.

Haske da Ƙasusuwa

Babban abin da ke karya hawainiyar gida shi ne ciwon laushin ƙasusuwa. Cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UVB. In ya sauka a fatar dabbar, jikinta yana ƙera bitamin D3, wanda da shi ne hanji ke tsotse sinadarin kalsiyam daga abinci. In babu wannan haske, kalsiyam yakan yi ƙaranci cikin jini, sai jiki ya koma yana ɗebo shi daga ƙasusuwa. Daga nan muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, gaɓoɓi su riƙa rawa. Harshen da take harbawa ya kai kusan ninki biyu na tsawon jikinta, shi ma ya kasa kai wa ga ƙwaro. Kun ga ke nan, tana iya jin yunwa, amma ba ta da ikon kama abincin.

Abu biyu ke ruɗin masu kiwo a nan. Na farko, gilashin taga yana tare wannan haske, saboda haka ajiye keji a bakin rufaffiyar taga ba shi da wani amfani. Na biyu, fitilar da aka ƙera don wannan aiki tana ci gaba da haskawa bayan ƙarfinta ya ƙare, don haka ake sauya ta bayan wata 6 zuwa 12. Bugu da ƙari, gyare da sauran ƙwarin da ake ba ta suna da fosfaras fiye da kalsiyam, alhali jikinta yana son kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu. Maganin haka shi ne a ciyar da ƙwarin ganyaye masu kyau kafin a miƙa su, sa'an nan a barbaɗa musu garin kalsiyam. Kada kuma a kamo fara daga gonar da aka yi wa feshin magani.

Ɗumi da Ruwa

Jikin hawainiya ba ya samar da ɗumi da kansa kamar na akuya ko kaza. In wurin ya yi sanyi, abinci ba ya narkewa, ita kuwa sai ta daina ci. Ta Yaman tana son wurin shan ɗumi mai kimanin digiri 30 zuwa 32 a ma'aunin santigiret, da inuwa mai sauƙin zafi inda za ta koma, da dare mai sanyi da duhu. Ta Kenya 'yar tsaunuka ce, zafin da waccan ke so yana iya halaka ta. Wanda ya fitar da keji rana, lalle ne ya bar rabinsa a inuwa, domin ranar bazara irin tamu tana iya kashe ta cikin ɗan lokaci.

Ruwa kuwa, hawainiya ba ta saba sha daga kwano ba. Raɓa da ɗigon ruwa a kan ganye take lasa. Sau da yawa takan galabaita da ƙishirwa ga kwano cike a gabanta. Wajibi ne a fesa wa ganyayen kejin ruwa safe da yamma, a kuma rataya gwangwani mai ƙaramar huda yana ɗiga. Akwai ma'auni mai sauƙi: a jikin kashinta akwai wani ɓangare fari, wanda shi ne fitsarinta. In ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan goro, ruwa ya yi mata kaɗan, in kuma abin ya daɗe ƙoda ce za ta lalace.

Sauran Dalilai

Macen hawainiyar Yaman tana yin ƙwai ko ba namiji, wani lokaci fiye da 40 a zubi ɗaya. In ba ta sami rairayi mai danshi da zurfin kimanin santimita 30 da za ta haƙa ba, takan riƙe ƙwan har ya maƙale, ta raunana, ta mutu. Wadda aka kamo daga daji kuma kusan kullum tana ɗauke da tsutsar ciki, wahalar tafiya ce ke ba tsutsar damar rinjayarta. Akwai ruɓewar baki, da ciwon huhu wanda ake ganewa da buɗe baki da majina, da kumburin ido saboda ƙarancin bitamin A. Daɗin daɗawa, hawainiya ba ta son zama da kowa. Haɗa biyu a keji ɗaya, ko yawan ɗaukarta a hannu, ko kyanwa da ke zuba mata ido, ya isa ya hana ta ci.

Abin da Ya Kamata a Yi

Mai kiwo ya fara da gyara haske da ɗumi da ruwa a ranar da ya ga alama. Ya sassauto da rassa, ya shimfiɗa tsumma mai laushi a ƙasa don kada ta karye in ta faɗo, ya rufe gefen kejin, ya bar ta ta huta. Kada ya tsiyaya mata ruwa ko abinci a baki da ƙarfi, domin ƙofar numfashinta tana nan cikin baki, ɗigo kaɗan ya isa ya shiga huhu. Kada ya ba ta maganin mutane, kada kuma ya ninka bitamin don gaggawa, gama yawansa guba ne. Sa'an nan ya kai ta ga likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba, da ɗanyen kashinta don a duba tsutsa, da bayanin abin da take ci da shekarun fitilarta. Likita ne zai ɗauki hoton ƙasusuwa, ya ga ko ƙwai ya maƙale, ya ba da ruwa da kalsiyam gwargwadon nauyinta. Ƙafar da ta lanƙwashe ba ta miƙewa, amma in an yi da wuri ana tsayar da ciwon, ta rayu. Yana da kyau a riƙa auna ta a sikelin giram kowane mako, kuma a wanke hannu bayan an taɓa ta, saboda ƙwayar cutar salmonela.

Jama'a, namijin hawainiyar Yaman yana iya kai shekara 6 zuwa 8 in an kula da shi, amma da yawa ba sa cika shekara guda a hannun wanda bai san bukatunsu ba. Duk wanda ya raba dabba da rana da raɓa da dajinta, ya ɗauki amanar mayar mata da su cikin keji. Wanda ya san ba zai iya ba, ya bar ta a kan reshenta. Ga ma'aikatanmu kuma, in irin wannan dabba ta faɗo hannunku a bakin aiki, ku fara da inuwa da ganye da ɗigon ruwa, kafin takardu su kammala.