HUJJAR HANKALI A KAN SAMUWAR MAHALICCI

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya yi wa ɗan Adam baiwar hankali. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku shehunnanmu, muƙaddamai da 'yan'uwa muridai, Allah Ya karɓi wannan taro namu. A yau 'ya'yanmu suna cin karo da maganganun masu musun samuwar Allah a cikin wayoyinsu. Idan yaro ya zo mana da shubuha, tsawa ba za ta warkar da shi ba, hujja yake bukata.

Hujjar kuwa tun a zaure muka karanta ta. Imamu Sanusi, wanda ya rasu a 895 Hijira, ya kafa ta a Ummul Barahina: duniya fararriya ce, domin ba ta rabuwa da sauyi, kuma kowane fararre dole ne ya kasance da Mai farar da shi. Kafin shi Ibnu Sina (ya rasu 1037 Miladiyya) ya biyo ta wata ƙofa: abin da samuwarsa da rashinsa duk suke yiwuwa, yana bukatar wanda zai samar da shi, kuma wannan jeri tilas ya tuƙe ga Wajibul Wujudi.

Ku sani, ya 'yan'uwa, ba Musulmi kaɗai hankali ya kai nan ba. Musa ɗan Maimuna, malamin Yahudu da ya rasu a Masar a 1204, ya kawo hujjojinsa a Dalalatul Ha'irina, da Larabci. Tomas Akwinas, malamin Kirista da ya rasu a 1274, ya jera hujjoji 5, bayan ya karanta Ibnu Sina da Ibnu Rushdi. A Indiya, malaman Hindu na mazhabar Niyaya sun ce yadda tukunya take nuna magini, haka duniya take nuna Mai yin ta. Akwai kuma waɗanda suka ja, kamar Kant na Jamus, da ya ce hankali ba ya ƙetare abin da gaɓɓai suke riska. Wajibi ne malami ya san wannan suka kafin ya amsa ta.

To amma hankali yana da iyaka. Yana nuna akwai Mahalicci, ba ya koyar da yadda za a bauta masa; wannan aikin wahayi ne. Imamu Gazali ya ba da labari a Munƙizu cewa da shakka ta kama shi, wani haske da Allah Ya jefa masa a zuciya ne ya warkar da shi. Daga baya, a 1095, ya bar karantarwa a Nizamiyya ta Bagadaza, ya shiga halwa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya yi raddi ga ɗaliban da suke kafirta talakawa don ba su iya jera hujjojin tauhidi ba.

Saboda haka, mu amsa wa mai tambaya da hujja cikin taushi, kada mu kore shi, sannan mu kama hannunsa zuwa majalisin zikiri. Allah Ya tabbatar da mu da zuriyarmu a kan yaƙini. Amin.