BAIKO: SUJADA CE DA DOGARA GA ALLAH

An ba ni in yi magana a kan bayarwa. Na san yawancinmu daga ƙananan ikkilisiyoyi muka fito, inda masu bi ba su da yawa, wasu ma a ƙarƙashin rumfa suke sujada. A irin waɗannan wurare, da an ta da zancen baiko sai ka ji an ce, "Mu da muke neman taimako, me za mu bayar?" Wannan tambaya nake so mu kai gaban Littafi Mai Tsarki. Karatunmu yana cikin 2 Korintiyawa sura 8 da 9.

Wajen shekara ta 55 zuwa 57 bayan haihuwar Almasihu, Manzo Bulus yana tara gudummawa daga ikkilisiyoyin Al'ummai domin matalautan masu bi da ke Urushalima. Ya yi zancenta a 1 Korintiyawa 16 da Romawa 15. Mutanen Koranti sun fara da zafi, amma shekara ta zagayo ba su gama ba. Da Bulus ya tashi farkar da su, sai ya kawo musu misalin ikkilisiyoyin Makidoniya, inda Filibi da Tasalonika da Biriya suke.

Su wane ne waɗannan mutane? A Filibi aka yi wa Bulus da Sila bulala aka jefa su kurkuku (Ayyukan Manzanni 16). A Tasalonika 'yan iskan gari suka afka wa gidan Yason, suka ja shi gaban mahukunta (sura 17). Tsiraru ne a garuruwansu, ga tsanani, ga talauci mai zurfi. Duk da haka Bulus ya shaida cewa sun bayar har fiye da ƙarfinsu, da son ransu, suna ma roƙo kada a bar su a baya. 'Yan'uwa, ashe ikkilisiya irin tamu ce Allah ya sa ta zama abin koyi a wajen bayarwa.

Abu na farko: baiko sujada ce. A Helenancin da Bulus ya yi rubutu da shi, cikin surorin nan biyu bai kira wannan gudummawa da sunan kuɗi ba. Ya kira ta alheri, ya kira ta zumunta, ya kira ta hidima. Kalmar da ya mora a 9:12 ita ce ake mora wa hidimar firistoci a Haikali. Da mutanen Filibi suka aika masa da taimako ta hannun Abafroditus, ya kwatanta shi da hadaya mai ƙanshi wadda Allah ya karɓa (Filibiyawa 4:18). Don haka sa'ad da kwano yake zagawa ran Lahadi, ba hutu aka tafi ba. Kamar yadda addu'a da waƙa da wa'azi suke sujada, haka baiko yake.

Asirin mutanen Makidoniya yana a 8:5. Kafin su miƙa abin hannunsu, kansu suka fara miƙa wa Ubangiji. Wanda ya riga ya ba da kansa, mudun gero ba zai yi masa nauyi ba. Wanda kuwa ya riƙe zuciyarsa, ko ya kawo sa, bai yi sujada ba. Ku tuna da Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni 5. Bitrus ya gaya wa Hananiya cewa gonar tasa ce, kuɗin ma a hannunsa suke. Ƙarya ce ta hallaka su, domin sun nemi yabon mutane a wurin da ya kamata su nemi Allah.

Abu na biyu: baiko dogara ce. A 8:15 Bulus ya tuna musu da manna a jeji. A Fitowa 16 kowa yana tara abincin yini guda ne, wanda ya ɓoye don gobe kuwa ya tarar da tsutsa. Shekara 40 Allah yana koya wa Isra'ila cewa gobe a hannunsa take. Dokar nunan fari ma haka take (Maimaitawar Shari'a 26). Manomi yakan sa farkon amfanin gonarsa a kwando ya kai gaban Ubangiji, yana shaida cewa ƙasar da amfaninta duka kyautar Allah ce. Gwauruwar nan ta Markus 12:41-44 ta zuba 'yan kuɗi biyu mafi ƙanƙanta, Yesu kuwa ya ce ta fi masu arziki duka, domin su daga rararsu suka ɗiba, ita kuwa abin zaman garinta ta ba da.

A nan sai mu yi hankali. Akwai masu wa'azin da ke cewa ka shuka iri na kuɗi a wurinsu, Allah zai ninka maka sau ɗari. Sukan jingina da 9:6, inda aka yi zancen shuka da girbi. Amma ku ci gaba da karatu zuwa aya 8 da 11. Alkawarin shi ne Allah zai ba mu abin da zai ishe mu, har mu sami na yin alheri, a kuma yi masa godiya. Dogara dabam, ciniki dabam. Ɗan kasuwa yakan ba da domin ya ci riba. Mai bi yakan ba da domin an riga an ba shi, gama 8:9 ta nuna mana Almasihu wanda ya bar wadatarsa ya ɗauki talauci saboda mu. Haka kuma babu tilas. Bulus ya ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi (8:12), kowa kuma ya bi abin da ya ƙudura a zuciyarsa (9:7). Kada a kira sunan talaka a gaban jama'a don a kunyata shi.

To yaya za mu yi? Bulus ya ba da tsari a 1 Korintiyawa 16:2: ranar farko ta mako, kowane mutum, gwargwadon samunsa, ya keɓe wani abu tun a gida. Zakka, wato kashi ɗaya cikin goma, ma'auni ne mai kyau da muka gada daga Tsohon Alkawari, ya kuma dace mu fara daga nan. Ma'aikaci ya fitar ranar da albashi ya shigo. Manomi ya ware daminsa da kaka, kafin a rufe rumbu. Uwargida za ta iya ajiye tafin hannu guda na hatsi duk lokacin da za ta ɗora tukunya. A koya wa yara su kawo nasu da hannunsu. Da yayyafi kogi kan cika. A 1948 aka kafa ƙungiyar aika masu bishara wadda daga baya ta zama EMS ta ECWA, kuma da baikon masu bi na ƙasar nan, yawancinsu manoma, ta riƙa aika ma'aikata zuwa inda bishara ba ta kai ba.

Yanzu gare mu shugabanni. Bulus bai yarda ya riƙe kuɗin nan shi kaɗai ba. Ya aiki Titus tare da 'yan'uwa biyu, ɗayansu ikkilisiyoyi ne suka zaɓe shi, domin kada kowa ya sami abin zargi (8:16-23). In manzo ya yi haka, fasto fa? A ƙirga baiko a gaban mutum biyu ko uku kafin a bar majami'a. A rubuta a littafi, a sa hannu. Ma'aji dabam, magatakarda dabam. A karanta wa jama'a rahoton kuɗi a kan kari. Abin da aka tara don rufin majami'a kada ya koma wata hidima ba da sanin masu bayarwa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda babu gaskiya a lissafi, hannun jama'a yakan yi sanyi, maƙwabtanmu da ba masu bi ba kuma suna kallo.

Taimako daga waje abin godiya ne, amma ikkilisiyar da ta zauna jiran baƙi su ciyar da fastonta, su gyara mata rufi, su lura da gwaurayenta da marayunta, ta bar wani ya yi mata sujadar da ita aka kira ta yi. Ina roƙon kowane wakili, in ya koma gida, ya zauna da dattawa su karanta surorin nan biyu tare, su tsai da ranar baikon godiya ta kaka, su kuma zaɓi wata ikkilisiya da ta fi tasu rauni su tuna da ita.

Ubangiji ya ba mu zuciya irin ta mutanen Makidoniya. Amin.