Shirya Motar Lantarki Don Fagen Tsere



An nemi mu yi magana a kan yadda ake gyara motar lantarki ta shiga fagen tsere. Mun lura cewa mafi yawan masu yi mana wannan tambaya abu guda suke son ji, watau yadda za a ƙara wa motar ƙarfi. To, tun daga farko muna so mu faɗa muku cewa ƙarfi ba shi ne abin da motar lantarki ta rasa ba. Zafi da nauyi su ne ke kayar da ita a fage, kuma a kansu ne mai gyara zai kashe kuɗinsa da tunaninsa.

Gudu ba baƙon abu ba ne ga wannan mota. A shekarar 1899, wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya tuƙa motar lantarki a Faransa har ta wuce kilomita 100 a awa, kuma ita ce mota ta farko a duniya da ta kai haka. Dalili kuwa shi ne injin lantarki yana ba da dukan ƙarfin juyinsa daga lokacin da aka taka totur, alhali injin fetur sai ya yi ta hawa, ana sauya masa giya, kafin ya kai ganiyarsa. Amma duk wanda ya san sha'anin sukuwa ya san cewa dokin da ya fi zabura a tashin farko ba lalle ne shi zai riga isowa ba.

Bari mu fara da zafi. Batirin irin waɗannan motoci ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 20 zuwa 40. A kan titi, direba yakan taka totur na ɗan lokaci ya sassauta, batir ya sami sararin hucewa. A fagen tsere kuwa babu wannan sarari: ana zuƙar wuta mai yawa a miƙaƙƙiyar hanya, a kwana kuma ana mayar masa da wuta, kowanne cikin biyun yana haifar da zafi. Da zarar zafin ya kusa haddi, sai kwamfutar motar ta rage ƙarfi da kanta domin ta kare batir, direba ya ga motar da ta tashi kamar kibiya ta koma tana jan jiki bayan 'yan zagaye kaɗan. Maganin wannan shi ne a ƙara girman lagireto, a buɗe wa iska hanya ta gaba, a kuma sanyaya batir kafin a shiga fage. Akwai masu ba da shawarar a yaudari kwamfutar ta daina rage ƙarfi. Muna gargaɗinku da ku guji wannan, domin batirin da ya wuce haddinsa yakan kama da wuta, wutarsa kuma tana da wuyar kashewa, takan ma sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. Mu da muke zaune a ƙasar da zafinta kan haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan magana ta fi shafarmu fiye da Turawan da suka ƙera motocin.

Na biyu shi ne nauyi. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da makamashi kimanin kilowat-awa 9. Ke nan batir mai kilowat-awa 75, wanda nauyinsa ya kusa rabin tan, abin da ke cikinsa bai fi na lita takwas na fetur da 'yan kai ba. Gaskiya ne injin lantarki ba ya ɓarnar makamashi kamar injin fetur, amma duk da haka nauyin yana nan. Bugu da ƙari, motar fetur tana raguwa da nauyi yayin da take ƙona mai, motar lantarki kuwa da nauyin da ta fara da shi take gamawa. Wannan ne ya sa a gasar Formula E, wadda aka fara a birnin Beijin a 2014, direbobi suka riƙa sauka daga mota su shiga wata a tsakiyar tsere, har zuwa 2018 da aka samo batirin da zai kai su ƙarshe.

Wannan nauyi a kan birki da tayoyi yake sauka, saboda haka daga nan ne gyara na hankali yake farawa. A kan titi, injin ne yake yin yawancin aikin tsayar da motar, yana mai da gudun ya zama wuta ya zuba a batir, har birkin ya daɗe bai ci ba. A fage kuwa, in batir ya cika ko ya yi zafi, ba ya karɓar wannan wuta, sai dukan aikin ya koma kan birki. Man birki yana shan danshi a hankali: irin wanda ake kira DOT 4, sabonsa ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen digiri 155. In ya tafasa, direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa, motar kuwa tana tafiya abinta. Don haka a fara da sabon man birki mai jure zafi, da takalman birki na tsere, da bututun da zai kai iska ga faifan birki. Daga nan sai tayoyi masu kama ƙasa, sai shakazoba mai tauri, sannan a cire kujerun baya da duk wani kayan ƙawa. Ƙarin ƙarfi, in ma ana bukatarsa, shi ne na ƙarshe.

Ga misalin da zai tabbatar da wannan. A jihar Kolorado ta Amurka akwai tseren hawan dutsen Pikes Peak, mai tsawon kusan kilomita 20 da kwana 156, wanda ke ƙarewa a tudun da ya haura mita 4,300. A can sama iska ba ta da kauri, injin fetur yakan rasa wani kaso na ƙarfinsa, injin lantarki kuwa ba ya shaƙar iska. A 2018 kamfanin Volkswagen ya kai motarsa ta lantarki mai suna ID.R, Romain Dumas ya hau dutsen da ita cikin minti 7 da daƙiƙa 57, ya karya tarihin minti 8 da daƙiƙa 13 da Sébastien Loeb ya kafa da motar fetur a 2013. Abin lura shi ne motar Loeb ta fi ta Dumas ƙarfin inji. Injiniyoyin Volkswagen sun sa batir daidai wanda zai kai ta ƙolin dutsen, suka riƙe nauyinta ƙasa da kilo 1,100.

Kada kuma a ɗauka wannan aiki na manyan kamfanoni ne kaɗai. A 2023 ɗaliban jami'o'in Zurik da Lusan na ƙasar Suwizalan suka ƙera mota mai nauyin kilo 140 wadda ta tashi daga tsaye ta kai kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ɗalibai ne kamarku, kuma da lissafin zafi da nauyi da ake koya muku a aji suka yi shi.

Daga ƙarshe, muna da roƙo biyu. Na farko, wayoyi masu launin lemo da za ku gani a cikin motar lantarki suna ɗauke da wuta ta bolt 400, wasu ma 800, kuma wannan ta isa ta kashe mutum nan take. Wanda bai koyi yadda ake katse ta ba, komai gwanintarsa a injin fetur, kada ya kai hannu. Na biyu, abin da muka bayyana na fagen da aka killace ne, inda akwai hular kwano, da motar asibiti, da masu kashe gobara. Titin gari na masu tafiya kasuwa ne da yara 'yan makaranta. Ku da za ku riƙe ma'aikatun sufuri da na ayyuka gobe, ku ne za ku tanadi irin wannan fage, ku kuma horar da makanikai da 'yan kwana-kwana kafin motocin su yawaita a hannun matasanmu.