Da Yawa Dabam, Wuce Kima Dabam

Yau za mu duba kalmomi uku na Turanci masu nuna yawa.

Ta fari ita ce "very", wato ƙwarai. Kafin kalmar da ta ke ƙarfafawa ta ke zuwa. "Very good", da kyau ƙwarai.

Ta biyu "a lot", wato da yawa. Ita kuwa a baya ta ke zuwa. "It rained a lot", an yi ruwa da yawa. Madalla, gero zai yi kyau.

Ta uku "too much". A nan mu kan yi kuskure. Mu kan ji samari a kasuwar Shinkafi suna faɗinta don yabo. Amma a takarda, nufinta abu ya wuce kima. "It rained too much", ruwa ya yi yawa har ya cinye shinkafar fadama.

To, in mun sayo takin zamani ko maganin ƙwari a Ƙauran Namoda, muka ga "too much" a jikin takardarsa, mu dakata. Gargaɗi ne. Mu nemi a karanta mana sauran kafin mu zuba a gona. Gishiri ma in ya yi yawa, ɓata miya ya ke yi.